Asuba Tara a Hanyar Puebla

Ƙarfe biyar na asuba Don Fidencio Olvera yana zaune cikin motar wani a wata ƙofar gida a unguwar Iztapalapa, ya tayar da inji, ya naɗe hannu. Minti biyar ba ya taɓa totur. Daga nan ya hau hanyar Puebla, ya riƙe gudun tamanin ba ƙari ba ragi, sannan ya ɗage ƙafa ya bar motar ta lafa da kanta ba birki. A birnin Mexico, wannan lokacin kaɗai titi ke barin mutum ya yi hakan.

Aikinsa ke nan. Da can gwanin kabireta ne, da kunne yake gane ciwon inji. Da motoci suka koma masu ƙwaƙwalwa, sai garejin Chema, wanda ke jikin rumfar facina, ya mayar da shi mai yawo da mota. In an yi gyara an goge ƙwaƙwalwar, sai ta sake gwada kanta a kan hanya. In ba ta gama ba, masu gwajin hayaƙi su jona na'urarsu su ce ba ta shirya ba, ko salansar ba za su duba ba.

Shekara goma sha ɗaya ina ganinsa. Bai cika magana ba, shi ya sa muke shiri.

A watan Mayu aka kawo motar Doña Herminia, bazawara mai sayar da furanni. Wa'adin gwajin hayaƙinta ƙarshen wata ne. Irin motar nan ce mai son a tashe ta da sanyin inji kwana biyu a jere kafin ta gama lissafinta. Da rana matar tana aiki da ita, don haka Fidencio ke zuwa gidan da asuba, ya mayar ƙarfe bakwai. Da hantsi ta biyo gareji, Chema ya jona na'ura. Ba ta shirya ba. Haka har asuba tara.

"Tsoho, faɗa mini gaskiya," in ji Chema, a gaban mutane. "Puebla kake zuwa ko wajen mai tamal, alalar masarar nan?"

"Duba mita."

"Mita kuma. Ko jikata 'yar shekara shida ta iya juya sitiyari. Kai dai tuƙi ne ya rage maka, shi ma ya gagara."

"In gobe ba ta shirya ba fa?"

"Ka kwashe sifanunka."

Washegari ba ta shirya ba. Fidencio ya zuba kayansa a jakar buhu, ya tafi.

Kwana biyu bayan haka ya buga mini ƙofa ƙarfe huɗu da rabi. "Compa, abokina, kai ni gidan matar nan." Na ce ai an sallame ka. Ya ce ya sani.

Muna tsayawa muka hango ta tana fitowa daga gida, tana jan jakar cefane da hannu biyu. Batir ne a ciki.

"Doña, ina za ki da wannan?" in ji Fidencio.

"Mayarwa zan yi, ɗana. Kullum da yamma nake shiga da shi. Marigayi mijina ne ya koya mini, bayan an sace mana biyu. A layin nan ko tabarmar ƙofa ka bari sai wani ya yi mata aure."

"Kullum?"

"Kullum. Nakan mayar kafin ka iso, don kada in ɓata maka lokaci."

Duk abin da motar ta haddace da safe, da yamma sai a zare mata. Da akwai rediyo da agogonsa ya tona asirin, amma rediyon ma an sace tun bara.

Fidencio ya dubi batirin. Ya karɓi jakar ya ɗora mata shi da kansa.

Ni na je na faɗa wa Chema, don Fidencio ya ce ba zai je ba. Chema ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce to sai ka kira shi. Ya ce ai ya riga ya ba surukinsa aikin, ba zai kori ɗan gida saboda tsohuwa da batirinta ba. Tun ranar ban sake ara masa jak ɗina ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma ba wani abu ba ne.

Ranar Asabar Fidencio ya zo rumfata da guntun ƙarfe, ya nemi aron injin walda. Ya sa matar ta kawo motar. Ya auna batirin da igiya, ya lanƙwasa ƙarfen ya zama mari, ya liƙa shi a jikin mota, ya sa kwaɗo. Chema yana tsaye a ƙofar garejinsa yana kallo. Fidencio bai ɗaga kai ba.

"Kada ki sake cire shi, Doña. Kwana biyu ki hau hanyar Puebla da sassafe, tamanin, kada ki taka birki sai dole."

"Kai ba za ka zo ba?"

"Ba ni da gareji."

Ya girgiza kwaɗon sau biyu ya ji ya kama, ya danƙa mata mabuɗin, ya ɗauki jakarsa ya tsallaka titi wajen masu jiran bas.