Shagon Bakin Titi

Kan-Kwana ake ce masa, domin shagonsa na ɗinki shi ne na farko in ka sauka daga mota. Da aka gina layin teloli, ƙuri'a aka yi: kowa ya zura hannu cikin hula ya ɗauko lamba. Shi ya ɗauko bakin titi. Ƙaninsa, da suka koyi aiki wurin oga ɗaya, ya ɗauko can ƙurya kusa da makewayi, inda sai wanda ya matsu ke leƙawa.

Ba a jima ba Kan-Kwana ya manta da hular nan sarai. Yadi ya cika masa kanta har rufi, ya fara cewa hannunsa ne ya ba shi.

Telolin layin suna da al'ada: wanda aiki ya yi wa yawa ya miƙa rarar ga na ciki, kowa ya samu na cefane. Shi ya fara karya ta. Gara yadi ya tsufa a shagonsa yana yi wa masu kaya gobe-jibi.

"Yaya, ko wanduna ne ka turo min," in ji ƙanin wata rana. "Kekena har ya fara tsatsa."

"Kai dai gyara hannunka. Ni wa ya turo min?"

Ƙanin ya juya ya tafi. Ya sayar da keken, ya koma dako a kasuwa. Sauran na gaba suka ga ba abin da ya faru, su ma suka rufe hannu.

Bayan shekaru, kwatsam aka mayar da tashar mota bayan kasuwa, ƙurya ta zama gaba. Hannun Kan-Kwana bai canja ba, almakashin ma shi ne, amma sai ya wuni yana korar ƙuda. A nan ya tuna da hula, tunawar kuwa ta yi masa ciwo.

Da tura ta kai bango, ya taka zuwa tsohon shagon ƙaninsa. Wani sabon tela ne a ciki, yadi har ƙofa.

"Ɗana, in akwai rara..."

"Baba, wace rara? Mu ba mu tarar da wannan ba. A bakinku muka ji kowa hannunsa ke ba shi."

Yana juyowa sai ga ƙaninsa, furfura ta fito masa, ɗauke da bandir ɗin yadi a ka zai shigar shagon.

"Yaya, ina wuni? Ya aiki?"

Kan-Kwana ya matsa ya ba shi hanya.