Rayuwar Hajiya Ikilima Na'ibi, Uwar da Ba Ta Kiran Sunan Ɗanta

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Ikilima a unguwar Nuzla ta birnin Jidda a shekarar 1962. Mahaifinta Malam Na'ibi tela ne daga Hausawan Sudan, mahaifiyarta kuwa Dela. Ta sauke Alƙur'ani, ta yi makarantar 'yan mata, daga bisani ta zama malamar Larabci.

Aure da Zuri'a

A 1983 aka ɗaura aurenta da Badr, Balaraben Hijaz, ta tare a unguwar Madain Fahd. Da ta haifi ɗan farinta Raed sai ta riƙe alkunyar da ta gada: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, in an ce mata Ummu Raed, wato uwar Raed, sai ta sunkuyar da kai. Dangin miji ba su san wannan al'ada ba, suka fassara ta da ƙiyayya, yaron kuma ya tashi da fassararsu. A 2006 ya koma birnin Dammam da aiki, zuwansa gida ya zama sai sallah, daga baya ko sallar ma sai waya.

Rubuce-rubucenta

Bayan ritayarta a 2015 ta rubuta ƙagaggen labari da Larabci, kan wata Baturiya daga baƙin da suka mamaye Amurka, wadda ta auri mutumin ƙabilar Cheyenne ta Indiyawan daji, ta haihu a cikinsu, ɗanta ya girma yana ganin ladubbanta rashin so ne. Duk Nuzla an gane wadda ake nufi. Ta aika wa Raed kwafi, ya yi godiya, ya ce shi labarin Indiyawan daji bai dame shi ba. Ta daɗe tana jiran ya karanta.

Rasuwa

A jinyarta ta ƙarshe kullum tambayarta guda ce, ko yaron nan ya iso. Da aka sanar da shi, ya tambaya ko ta ambaci sunansa, ƙannensa suka faɗa masa gaskiya cewa ba ta ambata ba, sai ya ɗage tafiyar zuwa Juma'a. Ta rasu ranar Laraba cikin Sha'aban na 2023, aka binne ta a Jidda bayan la'asar. Allah Ya jiƙanta. Ta bar 'ya'ya uku: Areej da Lina, da Raed, wanda ya iso ana zaman makoki.