Man shanu a kan hular gashi

Warin man shanu ne ya tashe ni yau da safe. Ina buɗe ido na ga kakata Dada zaune a bakin katifa, ta kwance mini ɗankwali, tana ta mulka mai a kaina.

Ni kuwa hular gashi ce a kaina. Jiya aka manna mini ita saboda bikin ƙawata da za a yi yau, na zo gidan Dada a Gwale na kwana don ya fi kusa. Duk abin da mai gyaran ta ce sai da na yi. Na taje, na kama shi kalba biyu, na ɗaure da ɗankwalin siliki, na kwana rub da ciki har wuyana ya ƙage. Kuma sau uku mai gyaran tana ja mini kunne kada mai ya taɓa shi.

Na ce, "Dada, me kike yi haka?"

Ta ce, "Ke dai kwanta. Gashi har gadon baya kin bar shi a bushe. Da ina cewa kan ubanki kika ɗauko, ashe na uwarki ne ya makara. Haka nake shafa mata duk Juma'a."

Idon Dada ya yi rauni, Ummanmu kuma tun ina ƙarama ta rasu. Sai na ɗora kaina a cinyarta, na ce ta ƙara ta gefen hagu.

Gwaggwaro zan ɗaura yau. Da ku ne, za ku gaya mata?