Hannuna da Sitiyarin Motar Auduga

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubuci ne. Kwafar littattafai yake yi wa malaman Gusau, a gabansa kuma na koyi ajami da fiƙe alƙalami. Bai tsufa sosai ba hannunsa na dama ya soma rawa. In yana zaune haka kawai ba ka ganin komai, sai ya ɗauki alƙalami ko ƙoƙon ruwa abin ya tashi. Cikin shekara biyu ya tattara takardunsa ya sa a gafaka, bai sake buɗe ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba wanda bai san wannan ba a unguwarmu.

Ni rabona ba a rubutu ya tsaya ba. A shekarun da ake ta zancen jirgin ƙasa zai iso Gusau, wani attajiri abokin mahaifina ya sayi motar kaya, ya sa wani direba mutumin kudu ya koya mini tuƙi, daga baya ya damƙa mini ita. Ina da aure a lokacin, da 'ya'ya biyu. Nakan ɗauko auduga daga Tsafe, in kwaso dawa da gyaɗa daga Bungudu. Mota ba ta zama ruwan dare ba tukuna, in na bi ta ƙauye mata kan bar daka su leƙo ta saman danga, jakuna su watse da mangalarsu.

Ƙafafun motocin zamanin da sandunan katako aka yi su, taya tana zagaye da su. In zafin bazara ya busar da katakon sai ya saki, ƙafa ta riƙa lilo. Maganin da muka sani shi ne a shigar da mota ruwa ta jiƙa, katako ya kumbura ya kama. Ni a mashigin gulbin Bungudu nake yin nawa. In tsayar da ita inda ruwa ya kai gwiwa, in yi alwala, in yi azahar a kan rairayi, in ɗan kishingiɗa. Ban taɓa samun wurin hutawa mai daɗin wannan ba.

A wata bazara sitiyari ya soma rawa a hannuna. Abin mamaki, sai in ina tafiya a hankali, kamar wajen shiga gari ko ratsa kasuwa. Ya karkata dama, ya dawo hagu, kamar mai rarrashin jariri. Da na ƙara gudu sai in daina jin sa. Na ce katako ne, na kai motar gulbi. Bai bari ba. Na sake kai ta, wannan karon har la'asar. Sai ma abin ya ƙaru.

Daga nan tsoro ya shige ni. Na tuna na mahaifina ma sai ya riƙe abu yake tasowa. Na daina taɓa alƙalami ɗungum, don kada in ga abin da ba na son gani. Ko wasiƙa maƙwabta suka roƙa in rubuta musu, sai in ce tawada ta ƙare.

Ran nan maigidan motar ya biyo ni zuwa Tsafe. Da muka dawo muna ratsa kasuwar Gusau a hankali, na lura ya bar kallon hanya yana kallon hannuwana. Sai da na tsaya ya yi magana.

"Tun yaushe?"

"Motar ce, Baba."

"Haka mahaihinka ya ce, wai alƙalamin na ba shi da kyau." Ya ƙara da cewa, "Ba ni iya barin ka ka taka ɗiyan mutane cikin kasuwa. Je ka Bungudu gobe ka kwaso dawar nan. In ka dawo mu zauna."

Na san ma'anar zaman nan. Motar za ta koma hannun wani.

Washegari da na isa Bungudu ban nufi wurin dawa ba, na tsaya a maƙerar wani tsoho da yakan ɗaure mana ƙarfe in ya karye. Bai taɓa tuƙa mota ba, bai ma yarda ya shiga ba, amma yana da ido. Na faɗa masa komai, har zancen mahaifina.

Ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, mi ya hana ka tambayi motar tukuna kahin ka yanke ma hannunka hukunci?"

Ya bi notunan ƙafafun gaba da hannu, duk a ɗaure suke. Ya ƙwanƙwasa sandunan katako ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya ce sun sha ruwa har sun ƙoshi. Ya leƙa ƙarƙashi ya girgiza sandar da ke juya ƙafafu, ba ta motsa ba. Sa'an nan ya sa na ɗaga ƙafar hagu da jak.

"Kana da alƙalami?"

Yana cikin jakata da kurtun tawada, kwana ashirin ban taɓa shi ba.

"Tsoma shi. Riƙe shi dab da taya, kamar kaurin gashi, kada ka taɓa ta. Ni zan juya."

Na durƙusa, na yi bisimilla, na miƙa hannu ba tare da na jingina shi da komai ba. Tsohon ya murza ƙafar ta yi ta zagayawa. A kowane zagaye sai in ji taya ta lashi bakin alƙalamin sau ɗaya, ta wuce. Da ƙafar ta tsaya muka duba. Tawada ta zauna a wuri guda, tsawon tafin hannu, sauran tayar ba ko ɗigo.

"Ga mai rawar nan," in ji shi. "Da hannunka na, da ka zane ta duka kamar ƙwaryar amarya."

Muka cire tayar. A cikinta muka tarar da ƙirgi ya dunƙule, ya yi tauri kamar dutse. Sai a sannan na tuna. Tun cikin sanyi kututture ya yanke tayar a hanyar Tsafe, sabuwa kuwa sai an aika Zariya. Wani baduku na Tsafe ya yanko ƙirgin saniya ya shimfiɗa a ciki don ta tare yankan. Saboda kirki ya ninka fatar uku, ya ce takalmin mutum ma falle biyu ake yi, balle na mota. Ta yi aiki lafiya har bazara. Da na fara jiƙa ƙafafu a gulbi yadda na saba, tun kafin rawar ta soma, ruwa ya riƙa shiga ta yankan, fata ta jiƙe, rana ta busar da ita, ta naɗe ta tura tayar waje. Duk jiƙon da na ƙara, ƙullun nake ƙara wa girma.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Wato kai ka yi ta ba ta ciwon, kana cewa magani."

Muka sa fata jemammiya, falle ɗaya, na ba tayar iska, na loda dawa. Da na isa Gusau na ajiye wa maigida dunƙulen ƙirgin a kan tabarmarsa, na roƙe shi ya shiga mu ratsa kasuwa. Na bi a hankali fiye da tafiyar jaki. Ya kalli hannuwana tun daga 'yan gishiri har mahauta. Da muka tsaya ya ce, "Jibi akwai auduga a Tsafe. Ka biya ka gai da badukun nan, ka ce mashi falle guda ya isa."

Na tuƙa motar nan shekara tara. Da yammacin ranar da maigida ya bar mini ita kuwa, bayan la'asar, na sauko da gafakar mahaifina, na nemo shafin da ya tsaya a tsakiyar layi, na fiƙe alƙalami na ci gaba daga inda ya bari.