Jikan Mai Gidan Dutse a Zauren Kawu

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da Bafaranshen da nake yi wa tafinta da masu raƙuma, muka nufi Kano. Tunda kun hana ni sakat da tambaya tun da na dawo, bari in ba ku labarin gaba ɗaya in huta.

Abin da ya kai mu fatar akuya ce, jar nan da ake jima a Kano. Kamfaninsa ya ce masa ko ya samo dillali a cikin birni, ko ya tattara ya koma ƙasarsu. In ya koma, ni ma na koma bakin murhun bariki inda na tsinci Faransancin nawa. Shi ya sa na bugi ƙirji na ce kawuna, wan mahaifiyata, fatoma ne, mai saukar da fatake yana yi musu dillanci, a Ƙofar Wambai, zai karɓe mu. Na kuma gargaɗe shi cewa Kawu ba ya hulɗa da mutum sai ya ji asalinsa. Jin haka sai fuskarsa ta washe, ya ce in dai asali ne, an zo wurin.

Tun kafin mu kai Magarya na yi da-na-sanin faɗar wannan kalma. Ashe yana da wani kakan kakanni, mai sarauta kamar hakimi, wanda ya rayu tun zamanin da ba a san bindiga ba. Mutumin ya gina gidan dutse a kan tsauni, ya kewaye shi da gwalalo mai ruwa, ƙofar ma da sarƙa ake ɗaga ta. In zai fita yaƙi rigar ƙarfe yake sawa har fuska, in ya faɗo daga doki sai an taru an ɗaga shi. Na ji labarin matarsa ta fari da ta zo masa da gonaki, da ta biyu da ta zo masa da daji, da 'ya'yansa maza da mata. A Daura muka sha fura mai kyau, yana labari. A Kazaure mai abinci ta ƙi karɓar kuɗin Nasara mai huda, ta ce ita wuri ta sani, muna ta fama da ita shi yana ba ni tsawon takobin kakansa. Abu ɗaya ne ban samu ba. Duk lokacin da na tambaye shi ta wane ɗa ya fito, sai ya tuna raƙuminsa na ɗingishi.

Mun sauka a Fagge, don Ingilishi ba sa son Nasara ya kwana a cikin ganuwa. Da hantsi muka shiga birni. Kano ta ƙara cika tun da jirgin ƙasa ya fara zuwa, kaya sun yi tsada, 'yan dako kuwa ba sa kauce wa kowa, har da mai farar fata. Na saya mana gurasa a bakin Kurmi, ya ci ya yaba, ya ce ita ce burodin farko da ya gani tun da ya bar gida. Ya hangi Dala ya tsaya yana mamakin yadda aka bar tsauni irin wannan ba a ɗora masa gida ba. Amma da muka bi ta wani karofi, marina na ɗaga zane daga rijiyoyin baba, sai ya toshe hanci ya ƙara sauri har na kusa ɓatar da shi.

Kawu ya karɓe mu a zaure, da tsofaffin abokan cinikinsa a gefe. Bayan gaisuwa da goro ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, baƙon naka ɗan gidan wa ne?"

Bafaranshen ya gyara zama, ni kuma na shiga fassara. Ya fara da gidan dutsen. Sai wani dattijo ya tambaya cikin tausayi, "Allah sarki, su wa suka kore su har suka hau dutse?" Na bayyana cewa a can hawa tsauni girma ne, ba wanda ya gamsu. Aka tambaye shi wurin wane malami kakan ya yi karatu, ya amsa da alfahari cewa bai iya karatu ba, yana da masu yi masa. Sai ya cire zobensa ya miƙa, ya ce ga tambarin gidansu. Kawu ya ɗaga shi a haske, ya ga dabba mai haure, ya ajiye a kan tabarma a hankali. Bafaranshen ya rantse ba gadu ba ne, wani jarumin naman dajinsu ne, amma ni dai gadu na gani, kowa ma gadu ya gani.

Na raɗa masa ya bar maganar gida ya koma kan iyali, ina zaton can za mu tsira. Ashe nan ne ramin. Ya ce da kakan ya mutu, babban ɗa ya ɗauki gida da gonaki da daji duka, na biyu aka kai shi gidan masu ibadar da ba sa aure, 'yan matan aka aurar da su inda za a samu ƙarin gona, sauran mazan kuwa kowa ya kama gabansa.

Kawu ya ce, "Ba a raba gadon ba?"

Na ce, "Kawu, haka al'adarsu take."

"Kuma alƙali yana garin?"

Kawu ya tura wa baƙon zobensa, ya ce da ni, "Wanda gidansu ake cinye rabon ƙanne, ya za a yi in ba shi amanar fatun mutane?" Na ga murhun bariki ƙiri-ƙiri a gabana, kuma wallahi na ji tsoro. Har mun fara neman takalma, sai Kawu ya ce a dakata. "Tambaye shi. In shi jinin babban ɗan ne, me ya fito da shi rana neman fatar akuya?"

Na fassara. Wannan karon babu raƙumin da zai fake da shi. Fuskarsa ta yi ja har kunne, ya daɗe yana juya zoben, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce shi ta wajen autan ya fito. An sallami autan daga shi sai doki, ya sayar da dokin, ya shiga wani gari a bakin kogi ya kama aiki wurin masu rini. Hannunsa ya yi shuɗi har ya mutu, 'yan'uwansa ba su ƙara ambaton sunansa ba. 'Ya'yansa suka zama masu fataucin zane, haka aka yi ta yi har kan mahaifinsa. Zoben ma wani kakansu ne ya sa maƙeri ya ƙera.

Kawu ya tafa hannu ya ce, "Ashe ɗan marina ne! Shi ne ka bar shi yana ta ɓata mana lokaci da mutanen dutse?" Ya nuna wa baƙon faratansa masu sauran shuni, ya ce kakansa a karofi ya tsufa, da kuɗin rini aka gina zauren da muke zaune. Tsofaffin suka matso, tambayoyi suka ɓarke: da wane ganye suke rini a can, toka suke sawa, kwana nawa baba ke yi kafin ya nuna? Mutumin da ya san tsawon takobin hakimi bai san ko ɗaya ba. Aka yi masa faɗa sosai a kan sakaci da tarihin gidansu, sannan aka kawo tuwo. Kafin la'asar Kawu ya aika a kira majema su kawo fatu.

Ranar da za mu taso Kawu ya ba shi rawani ɗan Kura, baƙi wuluk mai sheƙi, ya naɗa masa da hannunsa. A hanyar dawowa ban ƙara jin duriyar gidan dutse ba. Ni kuma na koyi cewa kafin ka kai baƙo gaban manya, ka tambaye shi abin da yake ɓoyewa, don abin da yake taƙama da shi zai faɗa ko ba ka tambaya ba.

Mun shigo Damagaram da rana tsaka, raƙuma na nishi da fatu, aikina yana nan. A ƙofar bariki ya warware rawanin, na ga shuni ya rine masa goshi da kunnuwa. Na ruga na kawo ruwa da sabulu kafin sauran Faransawa su gan shi. Ya duba madubi, ya ture sabulun, ya ce in bar shi haka, tambarin gidansu ne.