Zumar da Aka Riƙa Ba Malam Gwadabe

Malam Gwadabe na Limawa, a Dutse, Alƙur'ani shida ya rubuta da ka, ba tare da ya duba wani kwafi ba. Shekara huɗu bayan Nasara sun ci Kano ya fara na bakwai, ya ce shi ne na ƙarshe, kuma na 'yarsa Safara'u ne, wadda ta dawo gabansa da zama bayan rasuwar mijinta.

Ya kai izu arba'in sai mantuwa ta same shi. Yakan tsoma alƙalami a tawada, ya tsaya sororo har ta bushe. Da ma ya yi shekara biyu yana fama da ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama.

Nan fa kowa ya zama masani. Ƙaninsa Ɗanmusa ya ce sammu ne. Maƙwabta suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce baƙin cikin rasuwar matarsa Adda ne. Amma kan magani bakinsu ya zo ɗaya: zuma, don an san tana buɗe ƙwaƙwalwa. Aka kawo ƙwarya guda daga Garki, ana zuba masa a rubutun sha, a fura, a kunu. Da abin ya ƙaru sai aka ƙara zumar.

Safara'u ba malama ba ce, amma ita ke share makewayi. Ta ga kiyashi na taruwa a inda mahaifinta ya yi fitsari, kamar an zubar da alewa. Ta kuma lura ranar da ya sha zuma da yawa, ranar yake kiranta da sunan uwarta. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai.

Ta ɗauke ƙwaryar ta kai gidan maƙwabta. Ɗanmusa ya zo a fusace.

Ya ce, "Ke yanzu mahaifin naki za ki yi wa rowa?"

Ta ce, "Baffa, a ba ni wata ɗaya. In bai yi sauƙi ba, ni zan dawo da ita."

Ta koma ba mahaifinta tuwo kaɗan da miyar kuka, da kwaɗon zogale. Bai warke ba, ba zan yi muku ƙarya ba, don tsufa na nan, kewar Adda ma na nan. Amma ƙishirwar ta ragu, kuma da hantsi kansa kan washe har ya rubuta rabin shafi. A haka, cikin wata goma sha huɗu, ya kai ƙarshen Alƙur'anin.

Bayan damina ta zaro shi daga gafaka ta ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana bin layukan da yatsa, bai sami gyara ko ɗaya ba.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan? In kin gan shi, ki ce na sa masa albarka."

Safara'u ta ce, "To, Baba. Zan gaya masa."