Rawar Biki da Ta Shiga Wayoyin Kasuwa

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da Malam Buba ya shigo ofishinmu na walwalar jama'a a Rogo ba. Lokacin ina ƙaramar jami'a mai karɓar koke-koken iyali, ban daɗe da dawowa daga Karaye ba, ga ni da zafin kai.

Makiyayi ne daga wajen Gwangwan. Muka gaisa har da tambayar shanu, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata yarinya ce a gidanmu, an ce tana cikin waya. Zan cire ta daga boko."

Da kyar na haɗa zancen, ashe 'yarsa ce. A bikin gwaggonta ta yi rawa cikin mata, kamar kowace yarinya. Wani mara tsoron Allah ya ɗauke ta a waya, ya ɗora waƙar batsa a kai, ya kai wa masu turi, wato samarin da ke tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya a kasuwa. Yarinyar ko sha huɗu ba ta cika ba. Samari suka riƙa rera mata waƙar a hanyar makaranta.

Na ce, "Baba, ya sunanta?" Ya kau da kai. Na maimaita, sai ya kalli ƙofa. Raina ya ɓaci, na shiga wajen shugabarmu, Hajiya Rabi, na ce wannan uban ko a jikinsa.

"Ke dai kin cika gaggawa," in ji ta. "'Yar fari ce. Ina kika taɓa jin Bafulatani ya kama sunan ɗan fari? Mutumin da ya baro shanunsa da damina ya tako har nan, shi ne bai damu ba?"

Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta fito da kanta. Ta bayyana masa cewa dokar kare yara tana bayansa: laifin na wanda ya haɗa abin ya yaɗa ne, ba na yarinya ba, kuma za a sakaya sunanta.

"Ba za a tsayar da ita gaban mutane ba?"

"Ba za a yi ba, Malam. Ka ba mu lokaci, kada ka cire ta tukuna."

Muka je wajen Ɗanlami, shugaban masu turi. Na tafi da shirin faɗa, amma da ya ji shekarunta sai ya yi salati ya ce, "Hajiya, mu ma muna da ƙanne." Ya tara mutanensa, kowa ya goge a gabanmu, suka kuma nuna wa 'yan sanda wanda ya kawo musu. Abin da ya riga ya shiga wayoyin jama'a bai gogu duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma liman ya yi huɗuba a kai ba tare da kama suna ba, waƙar ta mutu a bakin samari.

Da aka dawo daga hutu, Malam Buba da kansa ya rako ta har ƙofar makaranta. Bara ta gama sakandare, ta zo ta gaishe mu.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, doka tana da ƙarfi, amma sai ka fahimci wanda ke zaune a gabanka take amfani. Allah Ya saka wa Hajiya da Ɗanlami da alheri. Da ni kaɗai ce a ofis ran nan, da na kori bawan Allah da baƙar magana, da yarinyar nan ba ta sake ganin aji ba.